Ra'ayinmu: Gadon Ƙiba Da Amfanin Auna Abin Da Kowa Ya Sani

'Yan uwa malamai da iyalanmu, akwai maganganu biyu da suka fi kowace magana saurin kashe muhawara a ɗakin malamai. Ɗaya ita ce "ai gado ne", ɗayar kuma "ai kowa ya sani". Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin nan lokacin da yara suka fita tara, ana kurɓar shayi ana duba littattafan aikin gida, ya sha jin su. Idan aka yi wa wani abokin aiki tsiya a kan tumbinsa da ya fara turo babbar riga, sai ya shafa shi ya ce haka mahaifinsa yake, haka kakansa yake, ai gado ne. Idan kuma wani ya kawo labarin cewa masana a Ingila sun nazarci mutum fiye da 20,000 sun gano motsa jiki yana rage ƙarfin wannan gadon, sai ɗakin ya kaure da dariya. A ce lalle kuɗi ya yi wa Turawa yawa, yanzu sai an kashe dukiya kafin a gane mai zirga-zirga ya fi na zaune rashin teɓa? Ai kowa ya sani.

Abin mamaki, sau da yawa baki ɗaya ne yake furta maganganun nan biyu a zama ɗaya, alhali kuwa suna karo da juna. In gado ne kaɗai yake yanke hukunci, motsi ya tashi a banza. In kuwa kowa ya san motsi yana magani, me ya sa muke fakewa da iyaye da kakanni? Mu a wannan shafi muna ganin binciken bai cancanci dariya ba, kuma muna son mu faɗi dalilinmu dalla-dalla, domin al'amarin ya shafi lafiyarmu, ya kuma shafi idon da muke kallon yaron nan mai jiki da ke zaune a bayan aji.

Ga abin da aka yi. A ƙarshen watan Agusta na 2010, wata tawagar masana ta Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya da ke Kambirij, ƙarƙashin jagorancin Ruth Loos, ta wallafa nazarin da ta yi wa mutum 20,430 mazauna gundumar Norfolk a gabashin Ingila, masu shekaru 39 zuwa 79. An ɗebi jininsu, an auna tsawonsu da nauyinsu, an tambaye su irin aikin da suke yi da kuma yadda suke cinye lokacinsu bayan tashi daga aiki. A cikin jinin an duba gurabe 12 na ƙwayoyin gado, wato rubutun nan na halitta da kowane ɗan Adam yake karɓar rabinsa daga uwa, rabinsa daga uba. Kafin nan an riga an san cewa a kowane gurbi daga cikin 12 ɗin akwai wani ɗan sauyi, kamar harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin bugu biyu na littafi guda, wanda yake ƙara wa mai shi nauyi. Tun da kowa yana da na wajen uwa da na wajen uba, mutum yana iya tashi babu ko ɗaya, yana kuma iya gadon har 24. Yawancin jama'a suna tsaka-tsaki.

A cikin waɗanda aikinsu na zama ne, kuma ba sa wani motsi bayan sun tashi, kowane sauyi ɗaya ya zo da ƙarin nauyin giram 592 ga mutum mai tsawon mita 1.70. A cikin masu motsi kuwa ƙarin giram 379 ne. Malaman lissafi za su riga mu kai wa ga amsa: a ɗauki mutum biyu da ɗaya ya ɗara ɗaya da sauyi 10, in dukkansu mazauna kujera ne tazarar nauyinsu ta kusa kilo 6, in kuwa masu motsi ne ba ta cika kilo 4 ba. Da aka koma ga haɗarin kai wa matakin ƙibar da likitoci suke ɗauka a matsayin cuta, sai aka ga motsi ya rage tasirin gadon da kashi 40 cikin 100.

Wanda ya yi dariya bai saurari tambayar ba. Masanan ba su tambaya ko motsa jiki yana da amfani ba. Abin da suka tambaya shi ne, wanda jininsa ya karkata ga ƙiba, motsi yana iya sassauta wannan karkatar ko kuwa ba ya taɓa ta? Amsar tana iya faɗowa ta kowace fuska. Yana yiwuwa motsi ya amfani kowa daidai, tazarar da ke tsakanin mai gado da marar gado ta tsaya yadda take. Yana yiwuwa ya amfani marar gado ya bar mai gado da wahalar banza. Abin da aka samu shi ne na uku: wanda ya fi ɗaukar nauyin gado shi ya fi cin ribar motsi. Kuma an samu adadi. Ba kashi 5 ba ne da za a ce bai kai a ɗaura takalmi dominsa ba, ba kuma kashi 100 ba ne da za a ce mai ƙiba shi ya so. Babu mai zama a kan benci ya cinci wannan adadin da ka, komai kaifin basirarsa.

Mai cewa "gado ne" ma ba da wofi yake magana ba, kuma adalci ne mu ba shi haƙƙinsa. A 1986 likita Albert Stunkard da abokan aikinsa suka bi diddigin mutum 540 a Denmak waɗanda aka ba da su riƙo tun suna ƙanana. Da suka girma, jikinsu ya yi kama da na iyayen da suka haife su, bai yi kama da na iyayen riƙon da suka ci tukunya ɗaya da su ba. A 1990 ya koma kan tagwaye a Suwidin, irin waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya amma suka tashi a gidaje daban-daban, ya lissafa cewa kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin jiki a tsakanin mutanen da ya nazarta daga gado yake. A shekarar dai, a Kwibek ta ƙasar Kanada, Claude Bouchard ya wallafa wani gwaji da ya fi kowanne shiga rai. Ya killace samari tagwaye kashi 12, ya riƙa ƙara musu abinci mai kalori 1,000 a kan abin da jikinsu yake bukata, kwana shida a mako, har tsawon kwana 100. Ƙarin abinci ɗaya, zama ɗaya. Wani ya ƙara kilo 4 da 'yan kai, wani ya ƙara kilo 13, kuma kowane Hassan ya yi kusa da Hussaininsa wajen yawan abin da ya ƙara da inda kitsen ya taru. Don haka 'yar uwar nan tamu da take cewa ita ko ruwa ta sha ƙiba take yi, ta ƙara gishiri, amma tushen zancenta gaskiya ne.

A 2007 aka gano ƙwayar gadon da ake kira FTO, wadda mai ɗauke da sauyinta ta wajen uwa da ta wajen uba yakan fi marar ita da kusan kilo 3. Jaridu suka ɗauka da zafi. Mai hankali da ya karanta labarin tagwaye ya kuma karanta wannan, in ya yanke cewa alƙalami ya bushe, wahala ce kawai mai gadon ƙiba ya riƙa zagaya fili, ba za a kira shi wawa ba. A cikin wannan yanayi binciken Norfolk ya fito.

Mu ƙaddara sakamakon ya zo da akasin haka, an ce masana sun gano motsi ba ya rage gadon ƙiba ko kaɗan. Me za a ce a ɗakin malamai? Za a ce ai da ma, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da ya zo yadda ya zo kuwa, sai aka ce ai da ma, albasa ba ta yi halin ruwa ba, kowa da abin da ya shuka. Harshenmu yana da karin magana a ajiye domin kowace amsa, kuma wannan arziki ne wajen zance, amma tarko ne wajen neman gaskiya, domin duk abin da aka faɗa mana sai mu ji kamar da ma mun san shi.

Wani masanin zamantakewa na Jami'ar Kolombiya a Amurka, Paul Lazarsfeld, ya ɗana wa masu karatunsa wannan tarkon da gangan a 1949. Yana sharhi ne a kan wani gagarumin nazari da aka yi wa sojojin Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya jero wasu abubuwa a matsayin sakamakonsa: sojoji masu ilimi sun fi marasa ilimi fama da damuwar ƙwaƙwalwa, 'yan ƙauye sun fi 'yan birni jure rayuwar bariki, mutanen kudancin ƙasar sun fi na arewacinta jure zafin tsibiran da aka yi yaƙi a cikinsu. Kowanne ya haɗa shi da dalili mai gamsarwa, har mai karatu ya fara tambayar kansa don me aka ɓata kuɗi a kan abin da yake a fili. Daga nan ya bayyana cewa kowace magana a jerin kishiyar abin da aka samu ce. Da ya fara da na gaskiyar, da su ma an ce a fili suke. Mun san wannan a aji. Yaron da aka nuna wa amsar lissafi a allo yakan gyaɗa kai ya ce ya gane, sai ranar jarrabawa a san bambancin gane amsa da iya samo ta.

Ita kanta maganar da muke cewa kowa ya sani, cewa motsi yana kare lafiya, ba ta daɗe da zama sananniya a wajen likitoci ba. Har farkon shekarun 1950, wanda ciwon zuciya ya kayar akan kwantar da shi makonni shida a gado, ba ya ko juyawa da kansa, domin a lokacin a fili yake cewa zuciyar da ta jikkata hutu take so. A 1952 wasu likitoci biyu a Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka nuna cewa tayar da majinyaci a zaunar da shi a kujera ya fi masa alheri, kuma ba a karɓi zancensu da hannu biyu ba. A 1953 Jerry Morris ya wallafa nazarinsa na ma'aikatan sufurin Landan su kimanin 31,000. Motocin bas na birnin masu hawa biyu ne. Direba yana zaune kusan duk yininsa, kwandasta kuwa yana hawa da sauka, matakala 500 zuwa 750 a rana. Mota ɗaya, unguwanni ɗaya, rayuwa kusan iri ɗaya, amma mutuwar gaggawa ta ciwon zuciya a cikin direbobi ta kusa ninka ta kwandastoci.

Abin da ya fi burge mu game da Morris shi ne abin da ya yi da masu suka. Sun ce masa wataƙila ba zama ne ya jawo ciwon ba, wataƙila masu jiki ne tun farko suke zaɓar tuƙi domin hawan matakala yana ba su wahala. Bai ce musu ai kowa ya sani ba. Ya nemi kundin ma'ajiyar da take raba wa ma'aikatan kayan aiki, ya duba awon ƙugun wandunansu, sai ya tarar masu sukar suna da rabon gaskiya: direbobi sun fi kwandastoci faɗin ƙugu tun daga lokacin da aka ɗauke su aiki. Ya wallafa wannan da hannunsa a 1956, ko da yake ya rage wa hujjarsa kaifi. Sannan ya ci gaba da aiki har ya nuna cewa ko an kwatanta masu ƙugu ɗaya, kwandasta yana nan da rinjayensa. Mutumin ya rasu a 2009 yana da shekara 99, bayan ya kwashe yawancin rayuwarsa yana iyo da sassarfa. Abin da a yau muke faɗa muna hamma, shekaru aka yi ana auna wanduna kafin ya tabbata.

Wani lokaci kuma awo yakan karya abin da ake ganin a fili yake. Wa zai yi musun cewa mafarauci mai yini a daji ya fi ma'aikacin ofis ƙona abinci? A 2012 Herman Pontzer da abokansa suka gwada wannan a tsakanin Hadza, wata al'umma ta arewacin Tanzaniya da har yanzu wasunsu suke rayuwa da farauta da tonon saiwoyi da ɗiban zuma. Sun shayar da manya 30 wani ruwa na musamman da ake bin fitarsa ta fitsari a lissafa ƙarfin da jiki ya kashe. Mutanen suna tafiyar kilomitoci kowace rana, amma da aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a yini bai bambanta da na Turawa da Amurkawa ba. Jiki yana da dabarar tsimi: in an kashe da yawa a nan sai ya rage a can. Wannan yana cikin dalilan da suka sa motsi shi kaɗai, ba tare da gyaran ci ba, bai cika sauke nauyi mai yawa ba, kuma gara mu faɗa wa juna haka tun yanzu. Mun ga abokan aiki da suka fara fita da asuba da zafinsu, bayan wata guda suka hau sikeli suka ga allura ba ta gusa ba, suka rataye takalmi. Sikeli ba ya nuna duk ribar. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002, an raba mutum 3,234 da suke bakin kamuwa da ciwon suga ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da gyaran abinci domin rage ɗan nauyi, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar magani, kashi 31.

Binciken Norfolk shi ma yana da iyakarsa, kuma masu shi ba su ɓoye ba. Tambayar mutane kawai aka yi game da yawan motsinsu, ɗan Adam kuwa yakan yi wa kansa kara a irin wannan tambaya. Sannan sukar da aka yi wa Morris tana nan: motsi ne ya hana ƙiba, ko ƙiba ce ta hana motsi? Shi ya sa ba a tsaya nan ba. A 2011 aka haɗa bayanan manya 218,166 daga nazarce-nazarce 45 a kan ƙwayar FTO, aka ga motsi ya rage tasirinta da kashi 27 cikin 100. Hanya ɗaya ce da ta Norfolk, amma adadin ya sauko. A 2016 aka tattara gwaje-gwaje takwas da suka ƙunshi mutum 9,563 da aka sa su shirin rage nauyi, aka ga masu ɗauke da sauyin sun sauke nauyi daidai da marasa shi. Maimaita tambaya ɗaya sau uku a gunmu malamai ba baƙon abu ba ne, shi ya sa ba ma yanke wa yaro hukunci da gwaji ɗaya.

Akwai wani ɓangare na nazarin 2011 da ya shafe mu kai tsaye, wanda kuma ba haka muka so ya fito ba. An duba yara da matasa 19,268, ba a ga motsi ya rage tasirin ƙwayar a cikinsu ba. Da zai yi mana daɗi mu shiga ofishin shugaban makaranta mu ce kimiyya ta tabbatar darasin motsa jiki yana goge gadon ƙiba a jikin yara. Ba za mu faɗa ba, domin ba a nuna haka ba. Hujjar darasin ta tsaya da ƙafarta ba tare da wannan ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 60 na motsi kowace rana ga mai shekara 5 zuwa 17, saboda ƙashi da tsoka da zuciya da natsuwar karatu, kuma ɗabi'ar da za ta kare shi yana da shekara 45 a filin makaranta ake dasa ta.

Ya kamata kuma a san su wa aka auna. Mutanen Norfolk Turawa ne. Wani lissafi da aka yi a 2016 ya nuna kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka yi irin waɗannan manyan nazarce-nazarcen ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kashi 3, alhali nahiyarmu ta fi kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin gado. A 2012 shirin H3Africa ya fara cike wannan giɓin, har aka auna dubban mutane a wurare kamar Navrongo a arewacin Gana da Nanoro a Burkina Faso. Mai yi wa Bature dariya don ya auna abin da yake a fili, ya tuna cewa adadin da Baturen ya samu na mutanensa ne. Namu sai an auna mu, kuma masu aunawar a azuzuwanmu suke zaune yanzu, in ba mu kashe musu son tambaya da "ai kowa ya sani" ba.

Mun san wani zai ce mun ɗauko zancen ƙoshi a garin da yara suke zuwa makaranta ba su karya ba. Maganarsa tana da nauyi. Ƙididdigar lafiyar al'umma ta Nijeriya ta 2018 ta nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma ma abin ya haura rabi. Amma ƙididdigar dai ta nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekaru 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, raman da suka gaza kima kuwa kashi 12. Matsalolin biyu suna iya kwana a gida ɗaya, har ma a jiki ɗaya a lokuta daban-daban. A hunturun 1944 zuwa 1945 yaƙi ya jefa yammacin Holan cikin yunwa. Da aka auna samari 300,000 'yan shekara 19 da aka haifa a wannan tsakani, sai aka ga waɗanda yunwar ta samu iyayensu mata a farkon ciki sun fi saura ƙiba. Wannan ma ba abu ne da hankali zai kawo da kansa ba. A al'adarmu kuma ƙiba alamar kwanciyar hankali ce, amarya in ba ta murje ba a zargi ango, har wasu 'yan mata suna haɗiyar ƙwayoyin sha-ka-fashe domin su cika ido. Hawan jini da ciwon suga ba su san wannan al'adar ba.

Akwai wani abu a tsarin binciken Norfolk da ya sa muka yi murmushi. Wajen rarraba mutane, wanda aikinsa na tsaye ne ba a sa shi cikin marasa motsi ba, ko da ba ya yin komai bayan ya tashi. Ashe malamin aji, mai yini tsakanin allo da layukan benci, yana da wani ɗan rabo da bai san da shi ba. Haɗarin yana zuwa ne tare da ci gaba. A yi wa mutum ƙarin girma a ba shi ofis da kujera mai juyawa, ya samu rancen babur ya daina taka sayyadarsa zuwa makaranta, daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ba ma yi wa kowa baƙin cikin kujera ko babur, an sha wuya kafin a same su. Muna tunatarwa ne cewa abin da ake nema ga babba minti 150 ne a mako, wato minti 30 sau biyar, bai kai tsawon darasi ɗaya ba. Iyaye mata a gidajenmu, waɗanda injin niƙa da famfo suka sauke musu daka da ɗiban ruwa, su ma lissafin ya haɗa da su, kuma a kan maigida yake ya sauƙaƙa musu hanya, ko da zagayen tsakar gida ne ko tafiya gidan 'yan uwa da ƙafa.

Sai yaron bayan aji. Mun ji malamai, ba yara kaɗai ba, suna kiran irinsa da sunayen da ba za mu maimaita a nan ba, suna ce masa rago, suna ce masa acici. Bayan gwajin tagwayen Kwibek babu mai ilimin da zai iya cewa girman jiki ma'aunin hali ne. Wataƙila yaron bai fi na kusa da shi ci ba. Mun kuma ga kuskure na biyu, wanda ya fi kama da tausayi: a ce masa ya zauna a inuwa ya tsare wa 'yan uwansa takalma, tun da haka Allah ya yi shi. Na farko ya ɗora masa laifin abin da bai zaɓa ba, na biyu ya raba shi da abin da zai fi kowa amfana da shi in ya girma. Wanda aka yi wa dariya a fili yana da shekara 10 da wuya ya koma fili da ƙafarsa yana da 40. A ba shi gurbi a wasan da nauyi yake zama ƙarfi, jan igiya ko jifan dalma ko tsaron baya, a bar shi ya ji daɗin jikinsa.

Sana'armu ma cike take da abubuwan da kowa ya sani. A tsakiyar shekarun 1990 Michael Kremer, wanda daga baya ya samu lambar Nobel a 2019, shi da abokansa suka gwada ɗaya daga ciki a makarantun firamare 100 na yammacin Kenya: a ba yara littattafai, makinsu zai tashi. Bai tashi ba, sai na 'yan kaɗan da da ma su ne kan gaba. Littattafan da Turanci aka rubuta su, harshe na uku ga yawancin yaran, kuma ba sa iya karanta su. Ba wanda ya ce a daina ba da littafi, amma an gane inda gizo yake saƙa.

Saboda haka muna kawo shawara ɗaya ƙarama ga wakilanmu na makarantu. Kowa ya san darasin motsa jiki yana cikin jadawali, kowa kuma ya san shi ake fara yankawa in jarrabawa ta ƙarato, ko rana ta yi zafi, ko an bukaci yara su share harabar makaranta. Sau nawa? A waɗanne azuzuwa? 'Yan mata suna fita kamar yadda maza suke fita, ko suna tsaye a gindin bishiya? A ɗauki littafin rubutu guda, a ja layi huɗu: rana, aji, an yi ko ba a yi ba, da dalili. A cika shi na tsawon mako huɗu ba tare da an sanar da kowa a gyara hali ba, kuma kada a rubuta sunan malami, domin ba farautar mai laifi ake yi ba. Wakili ya zo da littafinsa taron reshe na ƙarshen zango, mu haɗa alƙaluman, mu buga abin da suka nuna a wannan shafi ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba.